Baƙo a Damagaram, aji a cikin waya: tambayoyin da aka fi yi mini kan shekarar korona

Ni mutumin Kano ne, malamin Turanci. Na shigo Damagaram a watan Oktoban 2018 da akwati ɗaya da takardar ɗaukar aiki daga wata makaranta mai zaman kanta, na kama ciki da falo a gidan wani dattijo a Sabon Gari. Yara suna ce mini Mushe, wato Monsieur na Faransanci, in sun so tsokana su ce Ticha. A nan korona ta ritsa da ni, iyalina suna can ni ina nan. Tun da hanya ta buɗe, in na je gida tambaya, in na dawo tambaya, kuma kusan duk iri ɗaya. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa in na sami mai haƙurin saurare.

Kai ma har baƙo ne? Ai Kano da Damagaram gida ɗaya ne.

Haka ni ma na ɗauka. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 240 ne, alhali daga nan zuwa Yamai sai ka yi wajen 900. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, kuma da wuya ka shiga gida a Zango ko Birni ka rasa mai ɗan'uwa a Fagge. Fatake sun tattake wannan hanya tun kafin Bature ya zo ya ja layinsa.

Sai dai baƙunta a ƙananan abubuwa take ɓuya. Ranar da na fara sayen shayi da burodi, mai shayi ya ce mini dala arba'in. Na tsaya ina kallonsa da kuɗi a tafin hannu, har wani yaro ya tsinci ƙwandala biyu na sefa 100 ya miƙa masa. Dala ɗaya sefa biyar ce, jika ɗaya sefa 1,000, kuma duk cinikin gari da wannan lissafi ake yinsa, abin da aka rubuta a jikin kuɗin daban. Na yi wata uku ina ninkawa da biyar a zuci kamar ɗan firamare. Makaranta lakwal ce, wutar lantarki kuran, littafin rubutu kaye. Maki kuma a kan 20 ake ba da shi. Yaron da ya zo yana murna ya ci 14, saura kaɗan in yi masa faɗa.

Waɗannan duk ana sabawa. Abin da ya tabbatar mini ni baƙo ne, iyaka ce. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da mai. Kaya suka tsaya, amma mutum yana iya lallaɓawa da takardunsa. Da Maris ɗin 2020 ya zo, aka rufe ta ɓangarorin biyu, har ga mutane. Layin da nake tsallakawa kamar dokin ƙofa ya koma katanga.

Yaushe aka rufe, kuma me da me aka rufe?

Ranar Talata 17 ga Maris na 2020 Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi jawabi ga ƙasa, tun ba a sami ko mutum ɗaya mai cutar ba. Ya ce za a rufe iyakokin ƙasa, da filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, da makarantu tun daga na ƙananan yara har jami'a, aka kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Bayan kwana biyu, ranar 19, aka sanar da mutum na farko a Yamai. Ranar Juma'a 20 ga wata muka kulle ajujuwa. Mako biyu aka ce da farko. Sai ranar 1 ga Yuni muka koma.

Cikin kwanakin nan aka dakatar da sallar jam'i da ta Juma'a, ranar 27 aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya. Hana fitar dare da killace gari kuwa a Yamai aka yi su. Mu a nan ana fita ana nema, sai dai motocin Yamai sun tsaya, na Kano ma haka, kuma garin da yake cin abincinsa daga hanya, in hanya ta mutu kowa sai ya ji a tukunyarsa.

Mutanen gari sun yarda akwai cutar?

Wasu sun yarda, da yawa ba su yarda ba, mafi yawa kuma suna tsakiya: sun yarda akwai ta a Faransa da Italiya, ba su yarda za ta iya zafin Damagaram ba. Abin da ya fi ƙona ran mutane rufe masallatai ne. A Mirya, nan kusa da mu, tun a makon farko matasa suka yi tarzoma a kan haka. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, tambayar da kake ji a ko'ina ita ce, don me kasuwa za ta ci a hana masallaci? Ni ban taɓa samun amsar da ta gamsar da mai tambaya ba. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada.

Abin da ya ɗan girgiza masu musu shi ne rasuwar ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu, ɗan jahar nan ne, an san shi. A watan ne kuma Damagaram ta zama ta biyu bayan Yamai wajen yawan masu kamuwa. Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, alƙaluman Nijar ba su yi yawa ba: har tsakiyar 2021 waɗanda aka tabbatar ba su kai 6,000 ba, mamata ba su kai 200 ba. Gwaji ya yi kaɗan, wannan haka ne, sannan rabin 'yan ƙasar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mutumin da duk damina yake binne yaro saboda zazzaɓin sauro, in ka ce masa ya bar sahu saboda ciwon da bai ga gawarsa ba, ba taurin kai ne kawai yake sa shi ya yi maka kallon banza ba. Ni na sa takunkumina, wanda a nan ake ce wa kashne, na sha tsokana a kai, ban kuma daina ba.

Da gaske kun koyar ta intanet? Da Zoom kuka yi?

Sau ɗaya muka gwada Zoom. Aka sa ƙarfe goma na safe. Minti ashirin na farko sun tafi wajen “Mushe, ba mu jinka”, wani ya shigo da wayar babansa ana ciniki a bayansa, wata fuskarta ta daskare baki buɗe, ni kuma ina ta maimaita jimla ɗaya. Na kyauta minti 40 yake bayarwa ya yanke, kuma ya yanke ɗin kafin mu kai ko'ina. Da na duba, megan da na saya na mako ya kusa ƙarewa. Sa'a guda ta bidiyo tana iya cinye mega 500 ko fiye. Uban da yake lissafin dala-dala kafin ya ba da kuɗin cefane, ba za ka ce masa ya yi wannan kullum ba.

Sai muka koma inda mutane suke, wato WhatsApp. Kowane aji da guruf ɗinsa, lambobin iyaye ne ko na yayye, don yaran kwaleji, wato ƙaramar sakandare, kaɗan ne suke da wayar kansu. Saƙon murya na minti uku bai cika rabin mega ba, kuma ba ya buƙatar kowa ya zauna a lokaci ɗaya. In rezo, wato sabis na waya, ya zo da tsakar dare ya sauka, da safe a saurara.

Ga yadda nake yi. Bayan sahur, kafin gari ya tashi, in rufe taga, in zauna a kan tabarma da fitilar caji, in jingina wayar da gwangwanin madara. In rubuta darasi da baƙin biro mai kauri a farar takarda, layi takwas ko goma, in ɗauki hoto. Sannan in danna in yi magana. Sau nawa ina tsakiyar bayani zakaran maigidana ya yi cara, ko jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka, in goge in sake. Daga baya na daina gogewa. Yara suka ce in ba su ji zakaran ba sai su ga kamar darasin bai cika ba.

Ta yaya ake koyar da harshe da murya kawai, ba allo ba alli?

Abu ɗaya a rana, kada ka haɗa biyu. In yau shuɗaɗɗen lokaci ne, to shi kaɗai. Ka faɗi jimla a hankali sau biyu, ka yi shiru daidai yadda yaro zai maimaita, ka wuce. Kada saƙo ya haura minti uku, in ya haura raba shi, ka faɗi lambarsa a farko, don saƙonni ba sa sauka a jere. Aikin gida a rubuta a kaye a ɗauki hoto, ko a karanta da baki a turo. Ka kulle guruf ya zama kai kaɗai ke turawa, ka buɗe shi sa'a biyu da yamma don tambaya. In ba ka yi haka ba, darasinka zai nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da hotunan furanni.

Abin da ban shirya masa ba shi ne harshen bayani. A lakwal da Faransanci ake koyarwa, Turanci kuma daga ajin farko na kwaleji ake fara shi, don haka yaro yana koyon baƙon harshe ta cikin wani baƙon harshen. Faransancina na kasuwa ne. A aji ina lallaɓawa da shi saboda idon darakta. A ɗakina da asuba ba mai kallona, sai na saki jiki na yi bayani da Hausa. Cikin mako biyu na ga bambanci a kaye. Yaran da shekara biyu suna haddace ƙa'ida ba su san me take nufi ba, suka fara gina jimlar kansu.

Kuma ashe ba su kaɗai ke ji ba. Waya a tsakar gida ake kunna ta. Wata rana da daddare saƙo ya shigo, muryar babbar mace: “Salamu alaikum Malam, ina wuni, ina gajiya. Ni ce uwar ɗiyar nan taku. Wai na ce, kalmar nan ta jiya da kuka ce ba a ƙara mata komai a ƙarshe, ita kaɗai ce ko tana da 'yan'uwa?” Ba ta faɗi sunan yarinyar ba, 'yar fari ce, sai ta lambar na gane. Matar nan ba ta taɓa zama a benci ba. Na amsa mata da saƙon minti biyar, na karya dokata da kaina.

Yara nawa suka amfana?

Ba su kai rabi ba, kuma ba zan yi wa kowa kwalliya a nan ba. Makarantarmu ta kuɗi ce, ta 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa, amma duk da haka akwai gidan da waya ɗaya ce mai intanet, tana aljihun uba, uban yana tasha ko kasuwa har isha. Akwai waɗanda aka tura ƙauye. Yara mata sun fi cutuwa: namiji ya je fada, wato majalisar samari ta hira da shayi, ya ari wayar aboki, ita kuwa sai ta jira a ba ta, wani uban ma ba ya son lambarsa ta shiga guruf ɗin da ke da samari. In abin ya zama haka a cikin birni, to ka ƙiyasta lakwal ɗin gwamnati a ƙauyukan Tanut ko Gure.

Abin da ya ɗan taimaka shi ne turawa hannu da hannu. Wanda ya sauke ya tura wa na kusa da shi ta Bluetooth ko Xender, wani ya kai katin memori wurin mai cajin waya a zuba masa darussan mako. Ta haka muryata ta je gidajen da ban san ƙofarsu ba. Da babu gara ba daɗi, amma duk wanda ya ce maka karatu bai tsaya ba a waccan shekara, tambaye shi 'ya'yan wa yake nufi.

Wuta da rezo fa?

Afrilu da Mayu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuran yana zuwa yana tafiya, an fi ɗauke shi daidai lokacin da aka fi bukata. Waya ta yi zafi har ta ƙi caji, sai in naɗe ta a ƙyalle in ajiye a gindin randa. Na sayi ƙaramin faifan sola da batir, shi ne sayayya mafi amfani da na yi a garin nan. Layi biyu nake riƙewa, in wannan ya ƙi in juya wancan, kuma na gano wani lungu kusa da bishiyar dalbejiya a ƙofar gida inda saƙo ya fi saurin tafiya. Maigidana ya ce in na ci gaba da tsayuwa a wurin za a ɗauka aljanu nake gaisarwa.

Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani. An ji daɗin wannan. Sai dai Damagaram da ƙishirwa tsofaffin abokai ne, kuma a unguwar da famfo ya yi kwanaki bai ɗiga ba, ana sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, kiran a wanke hannu a kai a kai yana da ɗan nauyi a kunne.

An biya ku albashi? Da me ka rayu?

Rabi aka ba mu wata ɗaya, wata na biyu aka ce mu yi haƙuri. Na ji haushi a lokacin, amma iyaye sun daina biya, mai makaranta kuma ba rijiyar kuɗi gare shi ba.

Abin da ya rufa mini asiri daga inda ban zata ba ya fito. Ƙanen maigidana yana zaune a Liyon ta Faransa shekara da shekaru. Su ma an kulle su tun 17 ga Maris har 11 ga Mayu, ko burodi za ka saya sai ka cika takardar dalilin fita. Yana zaune da 'ya'yansa uku dare da rana, sai ya lura ba mai iya gaishe da kakarsa a waya ya wuce “lafiya lau”. Ya nemi in riƙa koya musu Hausa sau biyu a mako. Su intanet ɗinsu ba ya yankewa, nawa ne matsala, don haka ni murya su bidiyo. Agogonsu yana gaban namu da sa'a ɗaya a wannan lokaci na shekara, sau biyu ina makara kafin in riƙe. Na zo Damagaram in sayar da Turanci, ga ni ina sayar da Hausa zuwa Turai. Kuɗin Yuro kuma ba ya wasa da sefa, a ɗaure suke, Yuro ɗaya sefa 655.957, abin da aka turo shi za ka karɓa.

Aika wa iyali kuwa, da direba nake ba. Da mota ta tsaya sai na koma hanyar 'yan kasuwa: in kai sefa wurin wani mai shago a Kasuwar Dole, ya buga wa ɗan'uwansa a Kantin Kwari, kafin la'asar an kai wa maiɗakina naira. Ba takarda, ba sa hannu. Ko sisi bai taɓa ɓata ba.

Wace irin jita-jita ce ta fi yawo a wayoyi?

Wacce ce ba ta yi ba? Baƙar fata ba ya kamuwa. Zafi yana kashe ta. A sha tafarnuwa, a sha citta, a yi surace. Turakun 5G ne ke yaɗa ta, a garin da 3G ma sai an yi addu'a. Da yake ƙasar Faransanci ce, abin da ake faɗa a Faransa nan da nan yake iso mu: sunan Didier Raoult, likitan Marsai mai maganar kulorokin, har a bakin masu kabu-kabu na ji shi. Da shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da ruwan maganinsa na tazargade a watan Afrilu, sai murna, wai Afirka ta samo. Ba a tabbatar yana warkarwa ba.

Wadda ta fi yin ɓarna tana da ƙwayar gaskiya a ciki. A farkon Afrilu wasu likitoci biyu suka zauna a wani gidan talabijin na Faransa suna shawarar a gwada rigakafi a Afirka. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya yi tir da maganar. Amma guntun bidiyon ya riga ya shiga kowace waya, da fassarar Hausa a kai, kowane mai fassara da gishirinsa. Bayan shekara guda, da allurar Sinopharm ta iso daga Sin a Maris ɗin 2021, ta AstraZeneca ta biyo baya a Afrilu, bidiyon nan aka tono. Ni na je an yi mini, na kuma turo hoton hannuna a guruf ɗin malamai. Wani ya ce za su zuba mini ido shekara biyu.

Ƙarfin jita-jita a nan murya ce. Rubutu sai wanda ya yi lakwal, murya kuwa kowa. Mutum ya fara da sallama da salati, ya ce shi likita ne a wata ƙasa, ba suna ba gari, ya rufe da “don Allah ka tura wa 'yan'uwa Musulmi”. A watan Afrilun 2020 WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa, sai wuri ɗaya a lokaci guda. Ya rage gudu, bai hana ba. Baƙo kuma ya sani, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, an kama mutane a kan abin da suka rubuta ko suka faɗa game da cutar, har da ɗan jarida a Yamai. Ni abin da ban ga tushensa ba, a wayata yake kwana.

Fada ta koma cikin waya ke nan?

Ba ta koma ba. Wanda ya san Damagaram ya san ba dokar da za ta raba samari da butar shayi. An dai rage, an ja tabarma zuwa cikin zaure. Abin da ya ƙaru shi ne kowace fada ta yi guruf, kuma waɗanda ke Libiya da Aljeriya da Legas suka fi kowa surutu a ciki, don su ne a kulle ba aiki. Da can ɗan ci-rani shi ke turo kuɗi, a watannin nan wasu gida aka riƙa tura musu. Tafsirin azumi ma rediyo da Facebook suka ɗauke shi.

Ladabin waya a nan ya koya mini haƙuri. Ba a fara saƙo da buƙata. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, ƙaƙa gida, ƙaƙa iyali, ƙaƙa zafi, minti ɗaya ya wuce, sannan a ce “dama”. In ka amsa wa dattijo da rubutu bayan ya yi maka murya, ka yi rashin kunya. In ka saurara alamar ta nuna, ba ka amsa ba, gobe za a tambaye ka ko lafiya.

Da aka yi maka rasuwa, me ya hana ka bi ta daji ka tafi?

Wannan 'yan gida ne ke yi mini ita, wani lokaci da ɗan zargi a ciki. A ƙarshen Afrilun 2020, lokacin da Kano ke kulle dattawa suna ta faɗuwa, kawuna ya rasu, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku. Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Ba a gwada shi ba. Da azahar aka bugo mini, kafin la'asar an kai shi.

Hanya akwai. Kowa ya san masu babur suna ratsawa ta gonaki wajen Magarya da Matamaye, an ma faɗa mini farashi. Na ɗaura jaka. Sai Innata ta bugo ta ce, “Kada ka zo. In ka zo ba za ka tashe shi ba, kuma ban san me za ka tarar ba, ban san me za ka koma wa mutane da shi ba.” Na kwance jakar.

Ban gaya wa kowa a gidan ba, amma bango ba ya riƙe kuka. Bayan la'asar na ji ana jan tabarma a ƙofar gida. Maigidana ya leƙo ya ce, “Malam, fito ka zauna. Ba a karɓar gaisuwa a ɗaka.” Na ce, “Baba, ai an hana taro.” Ya ce, “Wa ya ce maka taro ne? Ɗaya-ɗaya za su zo.” Haka aka yi kwana uku. Mai shayin nan na dala arba'in ya zo, tela ya zo, limamin unguwa ya zo, iyayen yara suka zo, kowa ya tsaya daga ɗan nesa ya ɗaga hannu a yi fatiha, a yi wa mutumin da ba su taɓa gani ba addu'a. Hajiya ta aiko da kunu da ƙosai na buɗa-baki kullum. Wayata tana gefe a kan tabarma, 'yan Kano suna yi mini ta'aziyya ta cikinta, Damagarawa suna yi mini a gabana.

Sauran baƙin gari fa, yaya suka yi?

Kowa da irin nasa. Turawan ƙungiyoyin agaji da yawa an kwashe su, aiki ya koma ta kwamfuta. 'Yan Sin na matatar mai ta SORAZ, wadda ke arewa da gari tun 2011, dama ba shiga mutane suke yi sosai ba, suka ƙara rufe ƙofa. Waɗanda suka fi shan wuya irinmu ne: malamai 'yan Benin da Togo da ke makarantun kuɗi, da Inyamurai masu kayan gyaran mota da kayansu suka maƙale. Mu 'yan CEDEAO, wato ECOWAS, a lokacin ba ma buƙatar biza, shi ya sa ba mai lissafa mu cikin baƙi, ba kuma jirgin da ya zo ɗaukar kowa. Wani abokin aikina ɗan Togo, matarsa ta haihu a Lome, sai da yaron ya fara rarrafe ya gan shi ido da ido.

An ce an taɓa yanke muku intanet gaba ɗaya?

An yi, amma ba don korona ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Fabrairun 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, wanda ɗan garin nan ne, rikici ya tashi da aka faɗi sakamako. Daga 24 ga wata aka katse intanet na wayar hannu, kwana goma. Lokacin muna aji, don haka lakwal ba ta tsaya ba, amma darasin yaran Liyon ya tsaya cak, sai gajeren saƙo na tura wa ubansu. Wasu suka riƙa gangarawa bakin iyaka da layin Najeriya don su sauke saƙonni. Shekara guda ana ce mana komai ya koma intanet, ga shi an kashe ta da dare ɗaya kamar fitila.

Da aka koma aji, an watsar da wayar?

Ranar 1 ga Yuni muka koma da bokitin wanke hannu a ƙofa, aka yi 'yan makonni ana gudu a cike giɓi, jarrabawar birbe ta gama kwaleji da ta bak ta gama babbar sakandare aka kai su Agusta. Benci biyu a ajina ba su cika ba. Ɗaya an ce ya bi yayansa Agadas, ɗaya an ɗaura mata aure bayan salla.

Najeriya ta buɗe iyakoki huɗu ranar 16 ga Disamban 2020, har da Maigatari, Nijar kuma ta buɗe nata na ƙasa a watan Yunin 2021. Na je gida da alkaki da kilishi, na tarar ƙaramar 'yata tana ɓuya a bayan uwarta, muryata ta sani, fuskar ce baƙuwa. Sai da na juya baya na yi magana ta yarda ni ne.

Guruf ɗin ajin yana nan. Yawancin malamai sun bar nasu ya mutu, wasu sun koma wurin tallan atamfa. Ni duk daren Alhamis ina tura minti uku da Hausa a kan abin da muka yi a mako, darakta ya sani, ya kau da kai. Uwar ɗiyar nan har yanzu tana turo tambaya. Ta makon jiya a kan jam'in kalmomi ce, kuma ban amsa ba tukuna, don wadda ta tambaya ɗin sai na duba ƙamus.